Kama da Wane: Yadda Kotu Ke Sauraron Sunan Haja



A shekarar 1968 Kotun Ƙolin Najeriya ta zauna a kan wata shari'a wadda duk tsawonta ba ta wuce rigimar baƙaƙe biyu zuwa uku ba. Wani kamfanin Amurka, Sterling Products, yana da magani da ya yi wa rajista da suna Castoria, irin wanda ake ba yara idan cikinsu ya cushe. Sai ga wani kamfani na nan gida, Alban Pharmacy, ya nemi a yi wa nasa maganin rajista da suna Casorina. Bari in maimaita a hankali, tunda ba kwa ganin takardar da ke gabana: Castoria, Casorina. Masu Castoria suka ce sam ba za ta saɓu ba. Magana ta yi ta hawa har ta dangana da kotun da babu ta sama da ita, a zamanin da Sir Adetokunbo Ademola yake Alƙalin Alƙalai, aka kuma yanke cewa ba za a yi wa Casorina rajista ba.

Hujjar kotun ita ce ta kawo ni yau. Cewa ta yi bai wadatar ba a jera kwalabe biyu a kan tebur a tsura musu ido ana neman bambanci, domin ba haka ake ciniki ba. Mai saye ba ya zuwa kanti da kwalbar da ya saya bara a aljihu. Da ɗan abin da ya rage masa a ka yake zuwa, kuma yawanci abin da ya rage ɗin sauti ne. Don haka sai a auna da kunne kamar yadda ake aunawa da ido.

Ba a nan aka haifi wannan ƙa'ida ba. Dokarmu ta alamomin kasuwanci, ta 1965, a kan ta Ingila ta 1938 aka ɗinka ta, alƙalanmu kuma suka gaji hukunce-hukuncen can tare da ita. Tun a 1906 wani alƙalin Ingila mai suna Parker ya shimfiɗa ma'aunin, a rigimar wasu kayan kiɗa, ɗaya Pianola ɗaya Neola. Ya ce a dubi kalmomin biyu a rubuce, a saurare su a faɗe, a dubi irin hajar, sannan a dubi irin mutumin da zai saya. A wannan karon ya ƙyale Neola ta wuce, don a ganinsa wanda zai zuba maƙudan kuɗi a kan kayan kiɗa ba da ka zai yi cinikin ba. Kusan shekara arba'in bayan haka, kotun ƙarshe ta Ingila ta ƙara gishiri a maganar, a wata rigima ta safar mata, Aristoc da Rysta. Ta hana Rysta rajista. Ta ce wanda ake ruɗawa ba shi ne wanda ya san sunayen biyu ciki da bai ba, shi ne wanda ya san ɗaya kawai, sani na sama-sama. Ta ce kuma babu amfanin a riƙa bin kalma baƙi-baƙi, gaɓa-gaɓa, ana furta ta tar irin yadda malamin koyar da lafazi zai yi. Dole a bar wa mantuwa wurinta, a bar wa furucin gaggawa wurinsa, na mai saye da na yaron kanti duka.

To, mu dawo gida mu bi sawun suna mu ga yadda yake tafiya a unguwanninmu. Likita ya faɗa wa maigida sunan magani ta waya. Maigida ya faɗa wa uwargida zai fita. Bayan sallar isha'i zazzaɓin jariri ya tashi, uwargida ta kira yaro ɗan shekara tara, ta dunƙule masa kuɗi a tafin hannu, ta faɗa masa sunan sau biyu, ta ce, “Maza, ban da tsayawa wasa.” Yaro ya fita yana nanata sunan a hanya kamar mai hadda. Ya zo tsallake kwata, ɗan acaɓa ya danna masa hon, gaɓa ɗaya ta faɗi a nan. Ya isa kemis, janareta na ruri a bakin ƙofa, ga mutane a gabansa kowa na miƙa hannu. Ya ɗaga murya ya faɗi abin da ya rage. Mai kemis ya ce, “Wanne?” Ya sake faɗa. Mai kemis ya juya ya ɗauko abin da ya fi kusa da abin da kunnensa ya kama, ya ƙulla a leda. Sunan nan ya bi ta baki huɗu da kunne huɗu, kuma duk tafiyar babu wanda ya ɗora ido a kan harafi ko ɗaya. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike, amma gaskiyar magana ita ce babban kaso na cinikin unguwa a hannun ɗan aike yake. Wannan yaro shi ne ainihin mai sayen da doka take magana a kansa, ko da kuwa ba a taɓa kiransa shaida a kotu ba.

Shari'a ta biyu da kowane ɗalibin lauya a Najeriya yake karantawa a wannan fanni ita ce ta Lucozade, abin shan nan da ake kai wa marar lafiya dubiya. Wani kamfani, Esdee Food Products, ya fito da nasa abin shan ya sa masa Glucos-Aid. A rubuce sun yi hannun riga: wannan ya fara da L, wancan da G, wancan ma kalma biyu ce da ɗan karan ɗori a tsakani. Kamfanin Beecham mai Lucozade ya kai ƙara, a 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsaya a kan cewa a kunne sunayen biyu suna rikitarwa. Wani abin dariya a tarihin shi ne, lokacin da wani mai haɗa magani a garin Newcastle ya ƙirƙiro abin shan a 1927, Glucozade ya sa masa, sai bayan shekara biyu aka cire G ɗin. Ke nan masu Glucos-Aid, ko sun sani ko ba su sani ba, sunan yanka suka tono.

Har zuwa nan ba ni da ja. Inda nake da magana shi ne tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba. An ce a auna da kunne, mun ji. Kunnen wa? An ce a kula da yadda ake furtawa. A bakin wa?

Lauyoyi biyu suna tsaye a gaban alƙali a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke da hurumin irin waɗannan shari'o'i. Dukansu da Turanci suka yi karatu, da Turanci suke muhawara, da lafazin makaranta kuma suke furta sunayen da ake rigima a kansu. Hajar kuwa tana can kasuwar Singa a Kano ana loda ta katan-katan zuwa Gusau da Azare da Maraɗi, inda sunanta ya riga ya sake riga. Harshen Hausa ba shi da P da V a cikin baƙaƙensa na gado. P takan koma F, V ta koma B. Motar Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, Fijo ce a bakinmu. Panadol ya zama Fanadol, Vaseline ya zama Basilin, Bournvita ta zama Bonbita. Haka kuma Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su cunkushe a farkon kalma ba wasali a tsakaninsu, sai ya soka musu ɗaya: Klin ya zama Kilin. Wani lokaci ma sai ya narkar da sunan gaba ɗaya ya sake zuba shi, shi ya sa Mercedes ta fito a Marsandi.

Yanzu ku ɗauka, a matsayin misali kawai, wani ya yi rajistar abin sha mai suna da ya fara da Vita, wani ya zo da nasa da ya fara da Bita. Ko wani magani ya fara da Pana, wani ya fara da Fana. Jami'in rajista a Abuja zai duba ya ga harafin farko ya bambanta, ya furta su da Turancinsa ya ji sun bambanta, ya buga hatimi. A bakin yaron da muka aika kemis kuwa, babu ko ƙwayar zarra ta bambanci. Suna ɗaya ne tak. In kuma hajar ta gangara yamma, wajen Sakkwato da Katsina da ƙasar Nijar, inda ake cewa tahi maimakon tafi, sai F ɗin ma ta sake wani salon.

Kada a ɗauka kullum lafazin Hausa haɗe sunaye yake yi. Wani lokaci raba su yake. Ku dawo kan Glucos-Aid. A bakin Bature G ɗin nan ta farko ɗan ƙyas ce, tana iya ɓacewa cikin hayaniya, sai a ji Lucozade. A bakin Bahaushe kuwa sai ta samu wasali, ta zama gaɓa mai zaman kanta: Gulukos. Gaɓa huɗu ke nan a Glucos-Aid, uku a Lucozade. Ba cewa nake kotu ta yi kuskure ba, don kasuwar Najeriya ba ta Hausawa kaɗai ba ce, kuma wutsiyar sunayen biyu ɗaya ce ko a wane baki. Abin da nake nunawa shi ne, amsar tana sauyawa gwargwadon bakin da ka sa wa sunan.

Akwai ma wata ƙa'ida da lauyoyinmu suke yawan jingina da ita, wadda in ka bi asalinta za ka ga ɗabi'ar harshen Turanci ce aka mayar doka. A 1925 wani alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila, Sargant, a rigimar man juye tsakanin Castrol da Tripcastroid, ya ce masu magana da Turanci sukan haɗiye ƙarshen kalma, saboda haka gaɓar farko ita ce mafi nauyi wajen bambance suna da suna. Gaskiya ya faɗa, a kan Turawa. Amma Bahaushe bai saba haɗiye ƙarshen kalma ba, don a can ma'ana take kwana. Yaro da yara, fari da fara, doki da doka, ƙarshen ne kaɗai ya raba su. Kunnen da aka raina da irin wannan harshe yana jiran wasalin ƙarshe ya ji inda maganar ta sauka. Farkon kalmar aro kuwa, kamar yadda muka gani, nan ne ma ya fi yi wa kwaskwarima. Ɗauko ma'aunin Sargant a ɗora shi a kan kasuwar Kurmi ba tare da an sake gwada shi ba, a ganina, ganganci ne.

Bari in ɗan ratse in ba ku labarin da ya taɓa mu ma'aikatan rediyo kai tsaye. A ƙarshen shekarun 1980, kamfanin Toyota yana shirin fito da sabuwar motarsa ta alfarma a Amurka, Lexus. Sai wani kamfani mai suna Mead Data Central ya kai ƙara, domin yana da rumbun bincike na kwamfuta da lauyoyi ke amfani da shi, sunansa Lexis. Na san ba ku ji bambanci sosai ba, sai na harrafta muku: na motar ya ƙare da U da S, na lauyoyin ya ƙare da I da S. Kotun farko ta ce a maganar yau da kullum kusan abu ɗaya ne, ta ba Mead gaskiya. Toyota ta ɗaukaka ƙara, a 1989 kotun sama da ke New York ta rushe hukuncin. Cikin hujjojinta har da cewa ba furucin kan titi za a duba ba, furucin talla za a duba, kuma masu gabatarwa a rediyo da talabijin mutane ne masu kula da lafazinsu, za su raba sunayen biyu yadda ya kamata. Mun gode da yabo. Amma duk wanda ya taɓa karanta tallar daƙiƙa talatin, kiɗa na tashi a ƙarƙashin muryarsa, furodusa na nuna masa agogo ta bayan gilashi, ya san iyakar wannan yabon. Ko mun furta daidai ma, mu sau ɗaya muke faɗa, mai sauraro ne zai ɗauki sunan ya kai kasuwa da nasa bakin. Sauran hujjar kotun ta fi wannan ƙarfi: mota ce mai tsada a gefe guda, kayan aikin lauyoyi a ɗaya gefen, kuma gama-garin mutane ba su ma san da Lexis ba.

Ƙasar da ta fito fili ta ce ma'aunin Ingila bai dace da ita yadda yake ba ita ce Indiya, kuma shari'ar da ta yi hakan a kanta ta shafe mu ƙwarai, don a kan maganin zazzaɓin cizon sauro ce. Wani babban kamfanin magunguna mai suna Cadila ya rabe biyu, kowane ɓangare ya ci gaba da amfani da sunan. Ɗaya ya fito da magani mai suna Falcigo, ɗayan ya biyo baya da Falcitab. Dukansu na zazzaɓin nan ne mai tsanani da ke taɓa ƙwaƙwalwa, amma sinadarin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka kai ƙara ya kawo hujjoji biyu masu kama hankali. Ya ce Falci ɗin nan daga sunan ƙwayar cutar aka yanko shi, ba mallakar kowa ba ne. Ya ce kuma magungunan asibitoci kawai ake sayar wa, ba a ajiye su a kanti, likita kuwa ba ya ruɗewa. Kotunan ƙasa suka yarda da shi.

A 2001 Kotun Ƙolin Indiya ta karɓi maganar. Ba ta hana sayar da Falcitab nan take ba, ta mayar da shari'ar kotun farko, amma ta haɗa ta da sharuɗɗan da har yau ake bi. Ta ce Indiya ba Ingila ba ce. Ƙasa ce mai harsuna barkatai, da yawan jama'arta ba su iya Turanci ba, wasu ma ba su iya karatu da kowane harshe ba, kuma kalma guda ana furta ta iri-iri daga yanki zuwa yanki. Ta ce likita ma ɗan Adam ne, rubutun hannunsa sau da yawa ba ya karantuwa, ana kuma faɗar sunan magani ta waya. Ta ƙara da cewa idan aka ruɗe a kan sabulu asarar kuɗi ce, idan aka ruɗe a kan magani rai ne, don haka a kan magani ko ƙaramar kama ta isa a hana. Ku cire sunan Indiya daga wannan bayani ku sa na Najeriya ko Nijar, ba sai kun gyara komai ba. Kuma ku tuna magunguna da yawa da ke kan kantocinmu daga can Indiyar ake shigo da su. Ko a Amurka, inda kusan kowa ya iya karatu, hukumar kula da magunguna ta sa an sauya wa maganin gyambon ciki Losec suna zuwa Prilosec a 1990, saboda ana rikita shi da Lasix, wanda na fitar da ruwa ne daga jiki. A 2016 ma an mayar da Brintellix, maganin ciwon damuwa, Trintellix, don ana rikita shi da Brilinta mai hana daskarewar jini.

Matsalar tana da wata fuskar idan sunan hajar da kansa na Hausa ne, kuma irin waɗannan sai ƙaruwa suke yi: ruwan leda, burodi, man shafawa, garin kunu, yaji, turaren wuta. A nan takarda ce take haɗe abin da kunne ya raba. Kwari daban, ƙwari daban. Kura daban, ƙura daban. Amma in na'urar da aka cike fom da ita ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, sun zama abu guda. Ko da ƙugiyar ma, rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Gashi na kai da gashi na nama rubutunsu ɗaya. Kuka ta miya da kuka na hawaye rubutunsu ɗaya. Baba mahaifi, da baba uwa, da baba na rini, duk haruffa huɗu ne iri ɗaya. Jami'in da ba ya jin Hausa zai iya hana mutum rajista a kan kamar da babu Bahaushen da zai ji ta, ya kuma bar wata ta wuce wadda kowane Bahaushe zai faɗa cikinta.

Sai kuma sunan da kamfani bai raɗa ba, kasuwa ce ta raɗa. Wannan tsohuwar magana ce a kotunanmu. A 1931, a Ikko, an yi shari'a tsakanin wasu kamfanonin taba biyu na Ingila. Ɗaya tana da sigari mai suna Bandmaster, da hoton Bature cikin kayan shugaban 'yan badujala. Ɗayar ta kawo Barrister, da hoton Bature cikin rigar lauya da hular gashi. Sunayen ba su yi kama ba, kayan jikin ma ba su yi kama ba. Amma masu saye ba Bandmaster suke cewa ba, Oloyinbo suke cewa da Yarabanci, wato mai Bature. Kotu ta ga cewa duk kwalin da ke ɗauke da Bature zai amsa wannan kiran, ta taka wa Barrister burki. Mu ma haka muke ciniki har gobe: taba mai zobe, magi mai tauraro, batir mai damisa, omo mai giwa. Ku lura ma da na ƙarshen, sunan wani kamfani ne aka ara aka kira hajar wani da shi, kamar yadda kowane man goge baki ya zama makilin.

Wa ya mallaki irin wannan suna na baka? Michael Jordan, shahararren ɗan ƙwallon kwando na Amurka, ya sha wuyar wannan tambaya a China. Mutanen can ba sa cewa Jordan, Ciyawdan suke cewa, haka kuma jaridunsu suke rubuta shi da haruffansu. Wani kamfanin kayan wasanni na can ya yi rajistar wannan lafazin, ya buɗe shaguna dubbai da shi. Jordan ya shiga kotu a 2012, ya sha kaye a kotunan ƙasa, sai a Disambar 2016 kotun ƙolin ƙasar ta ce sunan da aka rubuta da haruffan China nasa ne, tunda shi jama'a suke nufi da shi. Amma a wannan hukuncin ba ta ba shi lafazin da aka rubuta da haruffan boko ba. Duk kamfanin da hajarsa ta samu sunan Hausa a kasuwa, ya kamata wannan labari ya hana shi barci har sai ya je ya yi wa sunan rajista.

Kada kuma a zarce gona da iri. In aka ce duk kamar sauti ta isa a hana, to babba zai rufe wa ƙarami baki da kalmomin da na kowa ne. Alheri, Albarka, Nasara, Rahama, akwai garin da babu gidan burodi ko gidan ruwa mai ɗaya daga cikinsu? Hausawa sun riga sun yanke wannan hukunci da suka ce kama da wane ba ta wane. Kotun Tarayyar Turai ma ta zo nan ta tsaya. Lionel Messi ya nemi rajistar sunansa a kan kayan wasanni a 2011, masu wani tambarin kayan tseren keke na Sifen mai suna Massi suka ƙalubalance shi. Messi, Massi, wasali ɗaya ne tsakani, kuma ofishin rajista ya ba masu Massi gaskiya. Sai da aka shekara tara ana bugawa, a Satumbar 2020 kotun ƙarshe ta ce wanda ya ji Messi, mutum ne yake faɗo masa a rai, mutumin da duniya ta sani, wannan ma'anar kuwa ta rinjayi kamar sautin. Kunne ba sauti kaɗai yake ji ba, har da abin da sautin yake nufi.

Saboda haka ba tsanantawa nake kira a yi ba, sauraro nake kira a yi, da kunnen da ya dace. A Amurka an daɗe ana kiran masana harshe su ba da shaida a irin wannan shari'a, har ɗaya daga cikinsu, Roger Shuy, ya rubuta littafi sukutum a 2002 a kan waɗanda ya shiga. Mu ma dokar shaida ta ba da damar a kira masani. Ga su nan a Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello, da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Abdou Moumouni a Yamai, mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan yadda Hausa take hora kalmar aro. Hukunci na alƙali ne, babu mai karɓe masa. Amma lauyan da hajar wanda yake karewa a Arewa take cin kasuwa, in bai kawo wa kotu shaidar yadda ake kiran ta a bakin dillali da mai kanti da mai talla ba, rabin aikinsa ya yi. Haka ma na Yarabanci, haka na Ibo, kowanne da inda yake lanƙwasa suna.

Ku kuma 'yan kasuwa masu shirin fito da haja, kafin ku biya kuɗin buga leda da kwali, ku ba tsohuwa sunan ta faɗa, ku ba yaro ya faɗa, ku faɗe shi ta waya ga wanda ke tsakiyar tasha, ku ji abin da zai dawo muku da shi. In ya dawo da sunan hajar wani, ku sake tun kuɗinku na aljihu. Ku sani kuma rajistar sunan kamfani a hukumar CAC daban take da rajistar alamar kasuwanci. Mutane da yawa suna riƙe da takardar farko suna zaton ta biyun ce. Ita ta biyun ofishinta yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, tana yin shekara bakwai, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara goma sha huɗu. Wanda bai yi rajista ba ma ba a bar shi haka ba, yana iya ƙarar wanda ya yi masa sojan gona. A 1961 kotu ta hana wani kantin magani a Onica amfani da suna Nigeria Chemists, saboda a kan titi ɗaya yake da wani tsohon kanti mai suna Niger Chemists, sana'arsu kuma ɗaya. Sai dai a irin wannan ƙarar kai ne za ka ɗauki nauyin tabbatar da cewa jama'a da sunan suka san ka, aikin kuwa ba ƙarami ba ne.

In hajarka tana tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram ko Garwa ko Injamena, takardar Abuja ba ta bin ka can. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin wata ƙungiya mai suna OAPI, mai hedikwata a Yawunde, wadda rajista ɗaya a cikinta take game ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki. A can kuma jami'in da zai duba sunanka da lafazin Faransanci zai karanta shi, wani bakin ke nan na uku.

A nan gida, idan an karɓi buƙatar rajista, ana buga sunan a mujallar alamomin kasuwanci, a ba duk mai ƙorafi wata biyu ya kawo. Manyan kamfanoni suna da lauyoyin da aikinsu ke nan, bin wannan mujalla shafi-shafi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Singa da Kwari da Sabon Gari za su iya haɗa kuɗi su ɗauki lauya ɗaya mai jin Hausa ya riƙa yi musu wannan aikin, da sharaɗin kada ya karanta a zuci, ya riƙa ɗaga murya yana furta kowane suna yadda za a kira shi a bakin rumfa.